Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Martani Kan Koyon Aikin Katako a Gida

Aikin katako na sha'awa shi ne wanda mutum yake yi a gidansa ba don neman kuɗi ba, a lokacin da sana'arsa ta ainihi ta ba shi sarari. A Kwatarkwashi da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Tsafe zuwa Gusau har Bunguɗu, masu yin sa ba su da ƙungiya, ba su da wani suna da ake kiransu da shi. Malamin makaranta ne da ke haɗa wa littattafansa kanta ranar Asabar, ko ma'aikacin da ya yi ritaya yana ɗaure ƙafar bencin zaure, ko manomin da rani ya ba shi hutu ya zauna yana fere ƙotar fartanya, ko matar gida da ta gaji da jiran kafinta ta ɗauki guduma ta gyara kejin kajinta. Kayan aikinsu ba su wuce zarto da guduma da tef na awo da 'yan ƙusoshi a gwangwanin madara ba, sai wanda ya gaji gizago ya haɗa da shi. Mafi yawansu ba su taɓa zama gaban wani maigida ba. Katako suka ɓata, suka duba abin da ya ɓaci, suka sake.

Wannan hanyar koyo ce wani marubuci ya yi dogon rubutu yana suka, kuma ya cancanci a kawo hujjojinsa yadda ya tsara su, domin ba da ka ya yi magana ba. A ganinsa aikin icce sana'a ce mai asali, ko dai a gaje ta, ko a durƙusa gaban gwani shekara da shekaru. Wanda ya koya wa kansa kuwa, in ji shi, ba abin da yake tarawa sai mugun sabon hannu, tunda ba mai tsawata masa. Ya ce kuskure bebe ne: wanda bai san daidai ba, ko ya ga karkatacce ba zai gane abin da ya karkatar da shi ba. Ya kawo tsadar katako, yana ganin almubazzaranci ne magidanci ya sayi falanki ya lalata da sunan koyo alhali ana neman na masara. Ya kawo hatsarin kayan aiki da yatsun da zarto ya raba da masu su. Ya rufe da cewa mai aikin sha'awa yana cire wa kafintan unguwa lomar bakinsa, yana kuma ƙara wa dajin da ya riga ya sha gatari wani nauyin. Shawararsa ita ce kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, mai alli ya riƙe allinsa, a bar wa kafinta zartonsa.

Akwai gaskiya a ciki. Zama kusa da gwani ya fi sauri, kuma akwai kuskuren da ba a yin sa sau biyu domin na farkon ya isa ya nakasa mutum. Sai dai daga waɗannan gaskiya biyu zuwa hana magidanci taɓa zarto akwai tafiya mai nisa, kuma marubucin ya yi ta ne da tsalle.

Batun gado shi ne mafi saukin warwarewa. Sassaƙa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma gidaje ne suka riƙe ta: masu turmi da taɓarya daga ƙirya, masu allon karatu daga aduwa, masu akushi da kujerar mata da ƙota da sirdi. Amma kafinta irin na zarto da falanki da ƙusar kanti baƙo ne, sunansa ma na aro ne. Lokacin da Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, har da sashen koyon sana'o'in hannu a cikinta. Yaran da suka fara riƙe zarto a wurare irin wannan, daga wane kaka suka gada? Kafintocin farko na Gusau, garin da ya bunƙasa bayan layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa shi a ƙarshen shekarun 1920, ba su zo duniya da tef rataye a wuya ba. Sana'ar da ta shigo jiya-jiya ba ta isa ta yi wa kowa gorin asali ba. Ita kanta hukuma ba ta yarda da wannan katanga ba, domin tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 ya sa aikin katako cikin darasin fasaha na ƙaramar sakandare, ga ɗan malam da ɗan mahauci baki ɗaya. Cewa injinan da aka sayo don darasin sun tsufa a cikin akwatunansu a makarantu da yawa, saboda rashin wuta da rashin malamai, wani abin takaici ne daban. Ɗaliban wancan zamani su ne magidantan yau, kuma in sun ɗauki zarto a tsakar gida bashin makaranta suke biya wa kansu.

To shi yaron shago yaya yake koyo? Watanninsa na farko aike ne da sharar garin katako da miƙe tsofaffin ƙusoshi da gugar samfefa. Ranar da aka miƙa masa zarto, yankansa na farko karkatacce ne kamar na kowa. Bambancin kawai, katakon na maigida ne, kuma bayan ɓarnar akwai tsawa, wani lokaci har da ranƙwashi. Maigida ba ya zuba iyawa a hannun yaro kamar yadda ake zuba fura a ƙwarya. Yakan nuna sau ɗaya, ya bar yaro ya ɓata, ya ce ya sake. Ashe a can ma kuskure ne ke koyarwa, maigida tafinta ne. In marubucin ya amince da kuskure a shago ya ƙi shi a tsakar gida, to da alama rashin ranƙwashin ne ya dame shi.

Cewa kuskure bebe ne kuwa, wannan magana ce ta wanda bai daɗe yana sauraron katako ba. Mutum ya sami falanki mai tsawon santimita 120, ya ja layi uku don ya fitar da gutsure huɗu masu 30-30. Da ya gama ya jera su sai ya ga ba su cika ba. Ba aljani ne ya ci ragowar ba. Bakin zarto yana da kauri, kowane yanka yana mayar da milimita 1 zuwa 3 gari, gwargwadon zarton, kuma garin yana nan zube a ƙasa yana ba da shaida. Daga ranar ya san a gefen layi ake yanka, ɓangaren da za a yar, kuma gutsure ɗaya ake aunawa a yanka kafin a auna na gaba. Ya buga ƙusa kusa da bakin katako, katakon ya dare. In ya duba tsagar zai ga ta bi zaren iccen ne tiryan-tiryan, domin tsinin ƙusa yana raba zaren kamar yadda gatari ke faskare. Maganin shi ne ya dakushe tsinin da guduma kafin ya buga, ko ya fara huda ƙaramin rami. Ya shafa gam a bakin katako inda aka yanke, haɗin ya saki bayan kwana biyu: bakin katako kamar bakin damin kara yake, duk ƙofofi ne, ya shanye gam ɗin ya bar wurin a bushe. Ya haɗa akwati ya ga yana rawa a kan siminti, ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyu ya ga awon bai zo ɗaya ba, nan take ya san inda karkatar take. Magina ma da wannan dabara suke fitar da kusurwar harsashi, ko da awon 30 da 40 da 50. Har sunan katako a kasuwa yana koyar da darasi, domin abin da ake kira tu-bai-tu ko tu-bai-fo sau da yawa bai cika incin da sunansa ya faɗa ba, kuma wanda ya yi lissafi da suna bai sa tef ba zai gane haka ranar haɗawa. A cikin waɗannan duka, wanne ne ke bukatar tafinta? Kowannensu ya bar alama a jikin katakon, kuma alamar tana nuna musabbabinta.

Akwai wani kuskure da ya fi waɗannan girma a wannan yanki, kuma a kansa ne hujjar marubucin ta juye ta koma kansa. Katako ba ya mutuwa da yankewa. Yana shan laima daga iska yana kumbura, yana sakinta yana tsukewa, har ƙarshen zamansa. Ɗanyen icce yana ɗauke da ruwa iri biyu, wanda ke kwance cikin ƙofofinsa da wanda ya shiga jikin zarensa. Na farkon yakan fita ba tare da katakon ya canza girma ba. Sai ruwan ya sauko wajen kashi 30 cikin ɗari na nauyin busasshen iccen sannan tsukewa take farawa. Daga nan kuma iskar wurin ce ke da iko. A tsakiyar hunturu laimar iska a ƙasar Zamfara takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuwa takan kai 80 ko ta wuce. Katakon da ya zauna cikin iska ta farko yakan tsaya da ruwa kashi 4 zuwa 5, wanda ya zauna cikin ta biyu yakan kai wajen 16. Wannan tazara babba ce. Falanki mai faɗin santimita 30 yana iya rage rabin santimita ko fiye tsakanin damina da hunturu, ya kuma mayar da ita in ruwa ya sauka.

Tsukewar kuma ba ta tafiya daidai ta kowane ɓangare. Ta tsawo kusan babu ita. Ta faɗi take, kuma wadda ke bin zagayen zobban gungume ta kusa ninka wadda ke tafiya daga zuciyar icce zuwa ɓawo. Shi ya sa falankin da aka yanko daga gefen gungume yakan lanƙwashe in ya bushe, kamar zobban suna neman miƙewa, shi ya sa kuma sabon turmi in aka bar shi a rana yakan tsage daga tsakiya. Yawancin katakon da ake sayarwa a Gusau, irin su afara da obeche da malaina, daga inda iska ta fi laima ake kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba. Wanda ya saye shi a Satumba ya haɗa tebur a ranar, ya danne saman da ƙusoshi a kan sandunan da suka gitta ta ƙasa, ya yi aikin da ba wanda zai kushe. Sai Janairu, da dare, a ji ƙara kamar an karya kara. Falankin ya nemi tsukewa, ƙusoshi sun hana shi, ya tsage.

Wa ke nan a daren? Ba yaron shago ba. Shi kayan da ya taya haɗawa sun daɗe da hawa mota. Kayan ɗakin amarya ne aka ba da aikinsu saura 'yan makonni biki, aka haɗa cikin gaggawa, aka fesa musu fenti, aka kai su Tsafe ko Ƙaura. In gadon ya buɗe baki bayan wata huɗu, ƙorafin in ma ya dawo wurin maigida zai tsaya, da wuya ya iso kunnen wanda ya buga ƙusar. Mai aikin gida kuwa a kan teburin yake cin tuwo. Ya san watan da ya sayi katakon, ya san ko ya ji shi da sanyi da nauyi a hannu, ya san inda ya buga kowace ƙusa, ga kuma tsagar a gabansa kullum. Yana da farkon labarin da ƙarshensa, abin da shago ba ya iya ba yaronsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A tebur na biyu zai bar katakon ya sha iska tukuna, ya ɗaure saman da noti a ramin da aka ɗan tsawaita ta faɗi don falankin ya sami wurin motsi. A ƙofar kabad zai bar allon tsakiya yana zaune cikin tsagin firam ba gam, ya kumbura ya tsuke yadda ya so.

Ƙofar ɗaki ma haka take koyarwa. Ta cije a Agusta, mai gida ya fusata ya kankare bakinta har ta rufu sumul. Hunturu na zuwa sai ga tsaga da ƙura da sanyi ke shigowa ta ciki. Shekara guda cur darasin ya ɗauka kafin ya kammala, kuma ba shagon da zai zaunar da yaro gaban ƙofa ɗaya shekara guda. Haka tsofaffin magina suka san azarar giginya tana gagarar gara, kuma farin gefen icce ya fi jan cikinsa saurin cinyewa. Ba a mafarki aka gaya musu ba, rufin da ya rufta ne ya gaya wa wani, shi kuma ya gaya wa ɗansa. Abin da marubucin ke kira gado, in aka bi shi zuwa tushe, tarin kurakuran mutanen da ne da aka adana.

Lissafin tsada kuma ya tsallake abubuwa da dama. Mai hankali ba ya gwada sabon haɗi a kan sabon falanki. Guntayen da ke zube a shagunan kafintoci, waɗanda ƙarshensu murhu ne, sun isa a koyi yanka da huda da haɗi. Ga tsohon benci, ga akwatin kaya da aka yar, ga reshen dogonyaro da aka sassabe don ya taɓa wayar wuta. Sannan kuskuren katako raguwa yake yi, ba ya ɓacewa. Teburin da ya ƙi ya koma kujera, kujerar ta koma abin yanka albasa, abin da ya rage ya dafa shayi. Wane nishaɗi ne ke barin irin wannan saura? Kuɗin gidan kallon ƙwallo da na datar waya suna tafiya ba su bar ko toka ba, kuma ba su sami shafi ko ɗaya a rubutun marubucin ba. Sai falanki ne almubazzaranci.

Inda maganarsa ta fi nauyi shi ne hatsari, kuma a nan ya kamata a ja layi mai kauri. Kuskure iri biyu ne, wanda katako ke biya da wanda jiki ke biya. Na farkon ne makaranta. Na biyun ba a koyonsa da gwaji, a nan gani ga wane ya isa. A Amurka, inda zarton inji na tebur ya yawaita a gidaje, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa yana jikkata mutum kusan 30,000 a shekara, wajen 4,000 daga ciki har da rasa yatsa. A nan gida abin da ya fi ban tsoro shi ne ɗaura faifan zarton katako a kan giranda, injin hannu da aka ƙera don yanka da goge ƙarfe, wanda ke juyawa sau dubu goma ko fiye a minti ɗaya. Haƙorin faifan na cijewa a katako sai injin ya yi tsalle ya nufo mai riƙe da shi, kuma ba hannun da ke da saurin kaucewa. Wannan ba a yin sa, ko a gida ko a shago. Ƙa'idojin kayan hannu kuwa kaɗan ne, ana iya haddace su a zama ɗaya: a danne katako kada ya motsa, hannu biyu su kasance bayan bakin cizal, kada a sara gizago ta wajen ƙafa, a wasa kayan aiki domin dakusasshe shi ke sa a danna da ƙarfi har ya zame, a rufe hanci lokacin guga. Ƙurar katako ba abin wasa ba ce, domin tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na cikin hanci. Baƙin mai da ake shafa wa katakon rufi don gara shi ma ba ya zuwa kusa da abin da zai taɓa abinci.

Duk wannan hujja ce ta a koyar da kiyayewa. Ta ina ta zama hujjar hana aiki? Babur ya fi zarto kai mutane asibiti a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, kuma ba a ji an ce a bar wa 'yan acaba su kaɗai hawa ba. Yatsun da marubucin ya lissafa ma, shin duk na masu sha'awa ne? Mai zarton hannu a tsakar gida, wanda ba mai jiran aikinsa, ya fi mai injin da ke tseren cika alkawarin biki nisa da hatsari. Abin dariyar ma, ɗaya daga cikin manyan dabarun kare yatsa a wannan zamani daga hannun mai aikin sha'awa ta fito. Steve Gass, lauya ne mai digirin kimiyyar fiziks da ke aikin katako a gidansa a Amurka, shi ne a 1999 ya ƙirƙiro na'urar da ke jin taɓawar fatar mutum ta tsayar da faifan zarto kafin ƙiftawar ido, wadda ake sayarwa da sunan SawStop. Da ya bi shawarar kowa ya tsaya inda aka ajiye shi, da yana can yana rubuta takardun kotu.

Lomar kafinta kuwa ba ta cikin hatsari. Ayyukan da mai gida ke yi da kansa, ƙafar benci da marfin tukunyar ruwa da kanta mai hawa biyu, su ne waɗanda kafinta ke cewa a dawo jibi har wata ya shuɗe, domin ladansu bai kai wahalarsu ba. Rufin gida da kayan ɗakin amarya da kujerun makaranta suna nan a hannunsa. Wanda ya taɓa shan wuyar daidaita ƙafa huɗu su taɓa ƙasa lokaci ɗaya kuma shi ne abokin cinikin da ba ya raina farashin aiki mai kyau. Watakila dai abin da ke ragewa shi ne kasuwar mai haɗa ɗanyen katako ya rufe da fenti, tunda an sami mai saye da ya san ya ɗaga falanki ya ji nauyinsa. In wannan ce lomar da ake kuka a kanta, to a yi haƙuri. Aikin hannu a gida ba abin kunya ba ne a addini ko a al'ada. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, Alaihis Salam, aikin katako ne sana'arsa, kuma an ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, yakan gyara takalminsa ya ɗinke tufarsa a gida. Ba malamin da ya fassara wannan da tauye haƙƙin baduku ko maɗinki. A zamanin nan ma Jimmy Carter, wanda ya shugabanci Amurka daga 1977 zuwa 1981, ya kasance yana haɗa kujeru da kabad a gidansa, ana gwanjonsu kuɗin su shiga cibiyarsa, cibiyar da ta taimaka wajen yaƙi da kurkunu har aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013.

Batun daji ba ya bukatar dogon bayani. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na iccen da ake sarewa a Afirka makamashi ake yi da shi, wato itacen girki da gawayi. Madobiya kuwa manyan motoci ne suka riƙa kwasarta daga dazukan Najeriya zuwa tashar jiragen ruwa a kai ƙasar Sin, har aka sa ta ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES a 2017. A Zamfara, wadda ke cikin jihohi 11 na shirin katangar bishiyoyi ta hana kwararar hamada, ko masassaƙan gado ma shiga daji neman ƙirya ya zama sai da shahada saboda 'yan bindiga. A cikin wannan hali a ɗora laifin ƙarewar daji a kan malamin makaranta da guntayensa? Mai gyara tsohuwar kujera ta ƙara shekara goma ya rage sara ne.

Saura hujja ɗaya, ta mugun sabon hannu, kuma ita ce ta fi kusa da gaskiya, sai dai marubucin bai kama ta ta inda ya dace ba. Kuskuren da ba ya koyarwa shi ne wanda aka ɓoye. An cuɗa garin katako da gam an toshe gibin haɗi, an ƙara ƙusa biyar inda ɗaya ta kasa, an shafe komai da fenti mai kauri. Mai yin haka zai shekara ashirin yana maimaita shekararsa ta farko, ko a gida yake ko a shago, kuma matsin kasuwa ya fi tura mutum ga wannan hali fiye da zaman gida. Matsayin wannan martani ke nan, kuma ba ya sassautuwa: magidanci yana da damar koyon aikin katako a gidansa ta hanyar kurakuransa, hanyar ingantacciya ce, kuma a yankin da katako ke kumbura da tsukewa haka tana koyar da abin da shago ba ya gani. Sharaɗinta shi ne a bar kuskuren a buɗe har a gano musabbabinsa, kuma kada a sa jiki cikin abin gwaji. Tambayar gwani ba ta saɓa wa wannan ba. Wanda ya je wurin tsohon kafinta da tsagaggen falanki a hannu ya fi wanda ya je hannu rabbana samun amsa mai amfani, domin tambayarsa tana da kai.

Gano musabbabi yana bukatar tuni, tunin mutum kuma ba ya riƙe wata shida. Saboda haka masu lura sukan rubuta da fensir a ƙarƙashin abin da suka haɗa, inda ido ba ya kaiwa: irin iccen, watan da aka saye shi, watan da aka haɗa. Sukan bar gutsure ɗaya na falankin a ɗakin, su rubuta faɗinsa a jikinsa, su sake aunawa a Janairu da Agusta, sai su san yawan motsin wannan iccen a wannan ɗakin. Sabon katako kuwa ana jera shi ne a inuwa, a ɗage daga ƙasa saboda gara, da 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama. Ana shafa wa bakunansa fenti, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga take farawa. Sanin ko ya bushe ba ya bukatar na'ura. A yanki gutsure a ɗora a sikelin mai shago duk mako a rubuta nauyin. Makon da nauyin ya daina sauka, katakon ya daidaita da iskar wurin. Abin da aka haɗa da hunturu ana bar masa sararin kumbura, ƙofa da durowa su ɗan yi sako-sako, wanda aka haɗa da damina kuwa ana matse shi sosai, domin ragewa zai yi.